Tsakanin Raga da Lacca: Ƙwallon Ragar Ɗalibai Mata a Kano

Fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100, irin wanda dillalan filaye suke yawan tallatawa a Kano, ya isa a kafa cikakken filin ƙwallon raga a cikinsa. Tsawon filin mita 18 ne, faɗinsa mita 9. In an haɗa da ratar mita uku-uku da dokar wasan ta ce a bari a kowane gefe, abin ya tsaya a mita 24 da 15. Sai turaku biyu, da raga mai tsayin mita 2.24 in mata ne za su kara, da ƙwallo ɗaya, da 'yan wasa shida a nan shida a can. Ba a haɗa jiki da abokiyar hamayya, domin raga ta raba su tun daga usur na farko har na ƙarshe.

Wanda ya san mazaɓar Babban Giji, ya san Gyadi-Gyadi da Tarauni, zai gane abin da ya sa aka fara da maganar fili. Unguwanni ne da gini ya cinye ƙasarsu, gida manne da gida, shago manne da makarantar kuɗi. Samari dai ba sa rasa yadda za su yi, ko lungu ne sai su ajiye duwatsu biyu su fara tamaula. 'Yan mata kuwa, wurin da za su yi gudu ko tsalle ba tare da idon jama'a a kansu ba bai wuce cikin katangar makaranta ba. Don haka wasan da ya fi dacewa da su shi ne wanda zai shiga cikin katanga, bai cin kuɗi da yawa, kuma bai hana doguwar sutura. Ƙwallon raga ya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma 'yan mata da dama sun ɗanɗana shi a sakandare lokacin gasar gidaje. Abin tambaya shi ne abin da yake faruwa da wasan idan yarinya ta gama sakandare ta shiga babbar makaranta.

Kowace safiya ɗalibai mata suna fitowa daga waɗannan unguwanni su tari Adaidaita Sahu. Wasu su bi Titin Zariya su wuce Na'ibawa zuwa Kwalejin Sa'adatu Rimi. Wasu su bi ta Dangi su kama hanyar Jami'ar Bayero, su wuce Ɗan Agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya, mai zuwa tsohuwar jami'a ta sauka, mai zuwa sabuwa ta zarce Kabuga da Rijiyar Zaki. Akwai masu zuwa Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, da masu zuwa Jami'ar Northwest, da masu karatun lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano da ke nan kusa da gida. Yawancinsu jeka-ka-dawo suke yi. Wannan abu ɗaya ya isa ya bayyana rabin matsalar, domin atisaye a Kano sai bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi yake kai maki 40. Daga la'asar zuwa magariba bai wuce awa biyu da wani abu ba, kuma a gidaje da yawa dokar ita ce magariba ta yi wa 'ya mace a gida. Wadda take zaune a ɗakin kwanan ɗalibai za ta iya tsayawa ta buga turmi biyu. Wadda za ta koma Babban Giji daga Titin Gwarzo, cikin cunkoson yamma, dole ta zaɓi ɗaya, ko atisaye ko isa gida kafin magariba.

Kuɗin wasa daga ina, zuwa ina

Wasannin manyan makarantun Najeriya sun dogara ne a kan manyan gasa uku. Jami'o'i suna da NUGA, wadda aka fara a Jami'ar Ibadan a 1966. Kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma NICEGA. Ƙwallon raga na maza da na mata yana cikin wasannin da ake yi, kuma kafin a je babbar gasa akan yi wasannin share fage na shiyya-shiyya. Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan harka: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓi baƙuncin NUGA fiye da sau ɗaya, Jami'ar Bayero ma ta karɓa a shekarun 1990, haka Jami'ar Maiduguri daga baya.

A ƙa'ida bayan shekara biyu-biyu ake yin NUGA, amma a aikace ba haka abin yake tafiya ba. An yi a Ile-Ife a 2014, aka yi a Makurɗi a 2017, sannan ba a sake ba sai a Jami'ar Legas a watan Maris na 2022. Tazarar shekara biyar ke nan, alhali digiri na shekara huɗu ne. Ma'ana akwai ɗaliban da suka shiga jami'a suka gama ba su ga gasar ko sau ɗaya ba. Ita ma ta 2022 ɗin an yi ta ne ana tsakiyar yajin aikin malaman jami'a, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba.

Wannan rashin tabbas shi yake tsara yadda ake kashe kuɗi. Ƙungiyar da ba ta da wasan da za ta buga kowane mako ba ta da hujjar neman kasafi kowane zango. Sai gasa ta ƙarato a liƙa sanarwa, a tara ɗalibai, a yi sansanin horo na 'yan makonni, a ɗinka jesi, a ɗauki mota. Ana dawowa kowa ya kama gabansa, ragar ta koma sito. A irin wannan tsari ƙungiyar mata ce take fara faɗuwa idan kuɗi ya yi ƙaranci, saboda ɗaukarta ya fi tsada a idon mai lissafi: tana buƙatar masauki na daban, da malama mace da za ta yi rakiya, da takardar amincewar iyaye. In aka ce mota ɗaya kawai za a iya ɗauka, kowa ya san ƙungiyar da za ta shiga.

To daga ina kuɗin yake fitowa tun farko? A yawancin manyan makarantun ƙasar nan, idan ɗalibi ya duba takardar rajistarsa zai ga wani layi na kuɗin wasanni a tsakanin kuɗin asibiti da na ɗakin karatu da na katin shaida. Kowa yana biya, mace da namiji, mai wasa da wanda bai taɓa taka filin ba. Ban da shi sai abin da hukumar makaranta ta ware, sai kuma asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, da yake gina gine-gine a makarantun gwamnati daga harajin da kamfanoni suke biya. Gini kuwa sau ɗaya ake yin sa. Abin da yake riƙe ƙungiya da rai shi ne ƙananan kuɗin yau da kullum: ƙwallayen da sumunti yake cinyewa, ragar da rana da damina suke ruɓarwa, ruwan sha, akwatin magani, alawus na koci, kuɗin alƙalin wasa. Abin da makaranta ba ta biya ba aljihun ɗaliba ne yake biya. Takalmin kambas nata ne, abin kare gwiwa nata ne, kuɗin motar dawowa ranar Asabar ma nata ne.

Aljihun kuma ya sha wuya a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, a shekarar kuma jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Abin ya kai gwamnatin Kano ta amince da biyan naira miliyan 700 domin ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha. Gidan da ake haɗa kuɗin rajista da ƙyar ba za a yi musu maganar takalmin wasa ba. Sai dai akwai gaskiyar da bai kamata a kauce mata ba: ɗalibar wannan gida ta riga ta biya kuɗin wasanni a cikin rajistarta, kuma tana da haƙƙin sanin abin da ya dawo mata daga ciki.

Yadda Amurka take riƙe littafinta

A Amurka aka ƙirƙiri wasan. Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya tsara shi a garin Holyoke na jihar Massachusetts a 1895, don mutanen da ƙwallon kwando ya yi wa ƙarfi. Amma abin da ya mayar da shi babban wasan ɗalibai mata a can doka ce. A watan Yunin 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji a harkokinta, har da wasanni. Jami'ar da take ba maza da yawa tallafin karatu saboda ƙwallonsu dole ta buɗe wa mata ƙofa daidai gwargwado, kuma ƙwallon raga yana cikin wasannin da suka fi cin gajiyar hakan. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar mata ta ƙasa a 1981. A yau jami'o'i fiye da 330 ne suke da ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya kawai, 'yan matan sakandare masu buga wasan kuma sun haura 450,000.

Labarin da ya fi yawo a duniya na jihar Nebraska ne. Ranar 30 ga Agustan 2023 aka shimfiɗa filin ƙwallon raga a cikin babban filin wasa na jami'ar jihar da ke birnin Lincoln, mutum 92,003 suka shiga kallon ɗalibai mata suna karawa da takwarorinsu na Omaha. Ba a taɓa ƙidaya taro mai yawan haka a wani wasan mata ba, har ya zarce mutum 91,648 da suka kalli matan Barcelona a filin Camp Nou a 2022. Jihar gaba ɗayanta mutanenta kusan miliyan biyu ne, ba su kai na cikin birnin Kano ba. Ƙungiyar Nebraska ta ci kofin ƙasa sau biyar, a 1995 da 2000 da 2006 da 2015 da 2017, kuma tun 2001 tikitin wasanninta na gida yake ƙarewa kafin a fara. An kafa ta a 1975, wato sai da aka yi kusan shekara hamsin ana gini, koci biyu kacal, Terry Pettit da John Cook, suka riƙe ta fiye da shekara arba'in da biyar a tsakaninsu.

Duk da haka kada taron ya ruɗi kowa. Nebraska tana cikin 'yan ƙalilan da ƙungiyarsu ta mata take samun abin da ya wuce kashewarta. Mafi yawan sauran hasara suke yi kowace shekara, domin kuɗin tikiti ba ya biyan tallafin karatu da albashin koci da jiragen sama da otal. Ana cike giɓin ne da kuɗin talabijin na ƙwallon maza, da gudummawar tsofaffin ɗalibai, da kuma, a ƙananan jami'o'i, kuɗin wasanni da ake karɓa a hannun kowane ɗalibi, daidai da yadda ake yi a nan. Shekara da shekaru iyakar tallafin da aka yarda ƙungiyar mata ta rukuni na ɗaya ta bayar shi ne na mutum 12. A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun wata shari'a da ta sauya wannan: jami'o'in da suka shiga tsarin za su iya tallafa wa duka 'yan wasa 18, su kuma raba wa 'yan wasansu na dukkan wasanni kuɗi har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka ƙwallon maza yake tafiya, ana kuma ta muhawara a kan ko hakan ya dace da dokar 1972.

Babu wanda zai ce makarantar Kano ta yi gogayya da waɗannan kuɗaɗe. Abin koyi a wani wuri yake. Tun 1994 akwai dokar da ta tilasta wa jami'o'in da suke karɓar tallafin ɗalibai na tarayya su bayyana kowace shekara mata nawa da maza nawa suke wasa, nawa kowace ƙungiya ta samu, nawa ta kashe, nawa ake biyan masu horar da maza da masu horar da mata. Bayanan suna intanet a shafin ma'aikatar ilimi. Uba yana zaune a gidansa zai iya duba ko makarantar da take neman 'yarsa da gaske take. Saboda wannan littafi a buɗe yake shi ya sa ake iya cewa ga mai riba ga mai hasara, ga inda aka yi wa mata ƙwange.

Littafi na biyu na karatu ne. A 2004 NCAA ta kawo wani ma'auni da ake kira APR. Kowane zango, kowace 'yar wasa mai tallafi tana iya kawo wa ƙungiyarta maki biyu: ɗaya in sakamakonta ya isa ta ci gaba da wasa, ɗaya in ta zauna a makarantar ko ta kammala. A haɗa makin, a raba da iyakar abin da za a iya samu, a ninka da 1,000. A ɗauki ƙungiya mai mutum 12 a zango biyu, cikakken makinta 48 ne. In ta rasa huɗu ta koma 44, wato 917. Ƙungiyar da matsakaicinta na shekara huɗu ya gaza 930 ana iya hana ta shiga gasar cin kofi komai ƙwarewarta a fili. Da wannan dabara faɗuwar ɗaliba ta zama matsalar koci, sai ga shi yana bibiyar wadda ba ta zuwa aji. Akwai kuma iyakar awa 20 a mako ta atisaye da wasa lokacin kakar wasa. Ƙungiyar masu horarwa ta ƙasa tana ba da lambar yabo ga duk ƙungiyar da matsakaicin makin jarrabawarta ya kai 3.30 cikin 4. Sakamakon shi ne 'yan ƙwallon raga mata suna cikin waɗanda suka fi kammala digiri a tsakanin 'yan wasan jami'a, fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Tsarin yana da nasa tabon. Ana zargin wasu makarantu da tura 'yan wasa kwasa-kwasai masu sauƙi don makin ya tsaya, kuma tun da jami'o'in gaɓar yamma irin su USC da UCLA suka shiga rukunin Big Ten a 2024, ɗalibai suna yin tafiyar awanni a jirgi a tsakiyar mako, abin da yake cin lokacin aji.

Abin da uwa take tsoro

A Babban Giji maganar karatun ce take yanke hukunci. “Karatu muka tura ki, ba wasa ba,” ita ce jumlar da 'yan mata da yawa suka sani, kuma masu faɗarta ba su yi laifi ba. Suna da dalili. A yawancin manyan makarantu sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, gwaje-gwajen cikin zango kuma suna ɗauke da kashi 30 ko 40 na maki. Ɗalibar da ta tafi gasa ta mako biyu ta dawo ta tarar an yi gwaji, makomarta tana hannun malamin kwas: wani ya sake yi mata, wani ya ce takardar sashen wasanni ba ta shafe shi ba. Kariyoba ɗaya tana iya jawo ƙarin shekara, ƙarin shekara kuma ƙarin rajista ne, ga maganar aure da wataƙila an riga an sa rana bisa lissafin lokacin gamawa. Ɗalibar da ta wakilci makarantarta bai kamata a bar ta tana roƙo ofis-ofis ba. Rubutacciyar ƙa'ida daga majalisar makaranta, wadda ta ce duk wanda aka tura gasa a hukumance za a sake masa gwajin da ya rasa cikin kwana kaza, ba ta cin ko sisi.

Haka nan a ɗaya gefen, sharaɗin maki kafin a saka jesi kariya ce ga ɗalibar da kuma wasan. An daɗe ana kokawa a wasannin makarantu da matsalar sojojin haya, wato ƙwararrun da ba ɗalibai ba ne ake yi musu katin shaida don a ci lamba, shi ya sa ake tantance takardu kafin gasa. Duk sojar haya ɗaya da ta shiga fili, ɗaliba ta gaskiya ɗaya ce ta zauna a benci. Makarantar da take liƙa matsakaicin makin ƙungiyarta kowane zango ta rufe wannan ƙofa, ta kuma ba koci abin da zai nuna wa uba idan ya je neman izini. Uba zai fi sauraron wanda ya zo masa da takardar sakamako fiye da wanda ya zo da hoton kofi.

Sai maganar sutura, wadda ta fi kowacce saurin kashe hira. Hotunan da ake gani a talabijin sun sa mutane da yawa suna zaton gajeren wando sharaɗi ne na wasan. Ba haka ba ne. Megawati Hangestri Pertiwi 'yar Indonesiya ta je gasar ƙwararru ta Koriya ta Kudu a 2023 da hijabinta da dogon hannu da dogon wando, ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu cin maki a gasar. Doaa Elghobashy 'yar Masar ta buga na bakin teku da hijabi a gasar Olamfik ta Rio a 2016, bayan hukumar wasan ta duniya ta sassauta dokar sutura a 2012. A Amurka ma, da alƙalin wasa ya hana wata ɗaliba Musulma mai shekara 14 shiga fili a birnin Nashville a 2020 saboda hijabinta, ƙorafin da ya biyo baya ya sa aka sauya dokar sakandare ta ƙasa a shekarar da ta biyo. A Kano abin da ake buƙata ya fi haka sauƙi: fili mai katanga, lokaci na mata zalla, koci mace inda aka samu. Malamai sun san hadisin tseren da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi da Nana A'isha, kuma likitocin Asibitin Malam Aminu Kano suna ganin abin da zama wuri ɗaya yake jawowa na hawan jini da ciwon suga. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata matasa a duniya ba sa samun motsa jikin awa ɗaya a rana da ake so.

Iyaye kuma suna tambayar ina wasan zai kai ta. A Najeriya amsar da ake gani ita ce aikin ɗamara. Manyan ƙungiyoyin mata a gasar firimiya ta Hukumar Ƙwallon Raga ta Najeriya yawancinsu na Kwastan ne da Sibil Difens da Shige da Fice da sojan ƙasa da na ruwa, sai 'yan na jihohi irin su Kada Emeralds ta Kaduna. 'Yar wasa takan samu aiki da albashi, kuma matakin da za a ɗauke ta a kai takardarta ce take tsara shi, mai digiri daban mai sakandare daban. Kano tana da suna a ɓangaren maza ta hanyar Kano Pillars. Kenya, wadda matanta suka fi kowa cin kofin Afirka kuma suka je Olamfik ta Paris a 2024, a makarantun sakandare irin su Lugulu da Kwanthanze take renon 'yan wasanta, daga nan su wuce ƙungiyoyin hukumar gidajen yari da kamfanin bututun mai da banki. A cikin gida kuwa Jami'ar Fatakwal, wadda ta kafa cibiyar wasanni tata, ta sha zama ta ɗaya a teburin lambobin NUGA, har da ta 2022.

Sai dai ga Kano amfanin da ya fi girma ba a gasar firimiya yake ba. Sassan koyar da motsa jiki da ilimin lafiya a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi su suke yaye malaman da za su koma Dala da Shekara da sauran makarantun 'yan mata, har da na ƙaramar hukumar Tarauni. Makarantar 'yan mata da ba ta da malama mace ta motsa jiki sau da yawa darasin a allo yake ƙarewa, a zana fili da alli a rubuta tsawonsa, a yi jarrabawa a wuce. Ɗalibar da ta buga wasan shekara uku a kwaleji, ta iya sabis da ɗagawa da tarewa, ta san yadda ake juya 'yan wasa shida da yadda ake ƙirga turmi zuwa maki 25, ita ce za ta iya fitar da aji guda waje ta koya musu. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma Kano tana cikin jihohin farko na shirin AGILE na Bankin Duniya mai gyara makarantun 'yan mata. Duk inda ake gyaran aji da banɗaki da katanga, shafe fili mai girman fuloti ɗaya da kafa turaku biyu ƙaramin abu ne a cikin kwangilar.

Kano tana da wata dama da garuruwa kaɗan suke da ita: manyan makarantu da yawa a cikin gari ɗaya, ga na Wudil da Bichi da ba su da nisa. Tsadar wasannin makarantu kusan duka a tafiya da masauki da ciyarwa take. Gasar mata tsakanin makarantun cikin birni, da safiyar Asabar, a zauren wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ko a filayen makarantun bi da bi, ba ta buƙatar kwana a waje ko izinin tafiya, ba ta taɓa lacca, kuma kowace ta koma gida kafin azahar. Maza sun daɗe da irin wannan gata. Gasar Ramat ta yara maza a Kano ake yin ta, a 2018 kuma aka kafa wa manyan makarantu gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL da kuɗin kamfanoni. Bankunan da suke da rassa a jere a Titin Zoo da Titin Zariya, waɗanda dubban ɗalibai mata suke biyan rajista ta hannunsu, ba za su rasa kuɗin ƙwallaye da alawus na alƙalai na zango ɗaya ba in aka kai musu jadawali da lissafi a rubuce.

Lissafin shi ne wurin farawa, kuma ba sai an jira sabuwar doka ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ɗalibai, ko wakiliyar mata a cikinta, za ta iya rubuta takarda mai tambaya uku ga magatakardan makarantarta: nawa aka tara na kuɗin wasanni a shekarar karatun da ta wuce, nawa aka kashe wa ƙungiyoyin maza, nawa aka kashe wa na mata.